Tinariwen: Tarihin Makaɗan Jita na Hamadar Sahara

Tinariwen ƙungiyar makaɗa ce ta Abzinawa, mutanen da Hausawa kan kira Buzaye, kuma tushenta yana yankin Kidal a arewa maso gabashin Mali. Ta samo asali ne a 1979 a garin Tamanrasset na kudancin Aljeriya, a hannun wasu samari da yaƙi da fari suka raba da ƙasarsu. Sunanta jam'i ne na ténéré, wato hamada a harshen Tamashek. 'Yan wannan ƙungiya ne suka fara ɗora waƙoƙin Tamashek a kan jita, har abin ya zama salon kiɗa mai cin gashin kansa, wanda ya karaɗe Sahara tun daga Tumbuktu har Agadas da kudancin Libiya. A kasuwar kiɗa ta duniya ana ce wa salon buluz na hamada, saboda kamarsa da buluz, kiɗan da baƙaƙen fata na kudancin Amurka suka ƙirƙiro. Su kuwa masu abin sukan kira shi assouf, ko su ce masa jita kawai. Tarihin ƙungiyar a haɗe yake da tarihin Abzinawa tun daga samun 'yancin kan ƙasashen Sahara zuwa yau.

Ƙasar da mutanenta

Abzinawa makiyaya ne da fatake, masu raƙuma da awaki da tumaki, kuma suna da rubutunsu na gado mai suna Tifinagh. Shekaru aru-aru ayarinsu ke ratsa hamada da gishiri da dabino, ya komo da hatsi da tufa. Hulɗarsu da ƙasar Hausa tsohuwa ce: gishirin Bilma ta hannunsu yake isowa kasuwannin kudu, baƙin rawanin da mazansu ke naɗawa kuma an daɗe ana rina shi a marinar Kura, kusa da Kano. Da Faransa ta janye daga yankin tsakanin 1960 da 1962, sai Abzinawa suka wayi gari a rarrabe cikin ƙasashe biyar: Mali, Nijar, Aljeriya, Libiya da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Hanyoyin kiwo da na fatauci suka zama iyakoki masu jami'an kwastan da sojoji.

Waɗanda suka kafa Tinariwen sun fito ne daga Adrar na Ifoghas, yanki mai duwatsu da kwaruruka kusa da iyakar Aljeriya. Manyan garuruwansa su ne Kidal da Tessalit da Aguelhok. Tsakanin Kidal da Bamako ya haura kilomita 1,000, kuma tun zamanin Faransawa hukuma ta ɗauki wurin a matsayin gidan kaso da ake tura fursunoni, ba wurin da za a yi wa makarantu da asibitoci ba.

Kiɗan da aka gada

Kafin zuwan jita, kiɗan Abzinawa yana da tsari, kowane kayan kiɗa da masu shi. Tende turmi ne na daka da ake rufe bakinsa da jiƙaƙƙiyar fatar akuya. Mata ne ke kaɗa shi suna zaune a da'ira, ɗaya tana bayar da waƙa, sauran suna amshi da tafi da guɗa, maza kuma suna kewaya su a kan raƙuman da aka yi wa ado. Imzad ɗan'uwan goge ne, ƙwarya da fata da tsirkiya guda ta gashin doki, kuma shi ma a hannun mata yake. Da shi ake raka waƙoƙin maza na soyayya da jarunta, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Na uku shi ne tehardent, molo mai tsirkiya uku, wanda maroƙa na gado ke kaɗawa a yankunan Gao da Tumbuktu, musamman don rawar takamba.

A wannan tsari, namiji ɗan babban gida yana iya tsara waƙa, amma ba ya ɗaukar molo ya tsaya gaban jama'a, domin wannan sana'ar maroƙa da maƙera ce. Jita ta shigo ne a matsayin baƙuwa, ba ta cikin gadon kowane gida, don haka ba wanda al'ada ta hana shi taɓa ta. Wannan ne ya ba samarin da suka fito daga dangogi dabam-dabam damar haɗuwa a kanta.

Tawayen 1963 da shekarun fari

A 1963 wasu Abzinawan Adrar suka ɗauki makami suka yi wa gwamnatin Modibo Keita tawaye. Ba su da yawa, makamansu kuma tsofaffi ne. Sojojin Mali suka murƙushe su kafin ƙarshen 1964, kuma hukuncin bai tsaya kan masu bindiga ba: an kashe fararen hula, an karkashe dabbobi, an zuba guba a rijiyoyi, aka mayar da yankin ƙarƙashin mulkin soja, aka hana baƙi shiga. Cikin waɗanda aka kashe akwai mahaifin Ibrahim Ag Alhabib, ɗaya daga cikin waɗanda daga baya suka kafa Tinariwen, a lokacin Ibrahim yana ɗan shekara huɗu ko kusa da haka. Danginsa suka tsallaka Aljeriya, a can ya girma. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, wani fim ɗin kaboyi ya gani wanda wani ke kaɗa jita a ciki, sai ya samo gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa tasa, ya riƙa gwada karin waƙoƙin gida a kanta.

Bayan yaƙi sai fari. Na farkon shekarun 1970, wanda ya kai maƙura a 1973 da 1974, ya cinye mafi yawan dabbobin makiyayan Sahel, na 1984 da 1985 kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Makiyayin da ba shi da garke ba shi da abin zama a daji. Dubban iyalai suka nufi sansanonin agaji da gefen garuruwa. Wasu suka gangaro kudu, har Kano da sauran biranen Najeriya, inda da yawa suka kama aikin gadi. Samari kuwa mafi yawansu arewa suka yi, zuwa Tamanrasset da Djanet a Aljeriya, da Ghat da Ubari da Sabha a Libiya, inda kuɗin man fetur ya buɗe ayyukan gini da leburanci. Suna ratsa hamada a ƙafa ko a bayan mota, ba takardu, yau aiki gobe babu, 'yan sanda na kamawa suna kora.

Waɗannan samari aka laƙaba wa suna ishumar, daga kalmar Faransanci da ke nufin marar aikin yi. Sun zama wani sabon rukuni a cikin al'ummarsu. Sun koyi Larabci da Faransanci a titi, sun saba da rediyo da kaset da taba sigari, naɗin rawaninsu ma ya sassauta, kuma sun daina bai wa bambancin dangi da na asali muhimmancin da iyayensu ke ba shi. Abin da ya haɗa su shi ne talauci da baƙunci da tunanin abin da ya faru a 1963.

Daga Tamanrasset zuwa barikokin Libiya

A Tamanrasset, a ƙarshen shekarun 1970, Ibrahim ya haɗu da Alhassane Ag Touhami da wasu 'yan'uwa biyu, Inteyeden Ag Ablil da Liya Ag Ablil, wanda aka fi sani da Diarra. Suka samu jita ta katako, suka fara kiɗa a bukukuwan aure da zaman shayi na dare a bayan gari. Ba su raɗa wa kansu suna ba, jama'a ne suka riƙa ce musu Kel Tinariwen, mutanen hamada. A kunnensu akwai tende da imzad na iyayensu mata, akwai kiɗan rai da sha'abi na Aljeriya, akwai waƙoƙin gwagwarmaya na ƙungiyar Nass El Ghiwane ta Maroko, sannan akwai kaset-kaset na makaɗan ƙasashen waje da ke yawo a kasuwa, irin su Jimi Hendrix, Santana, Dire Straits da Bob Marley.

A 1980 Mu'ammar Gaddafi ya yi kira ga samarin Abzinawa da su zo Libiya a ba su horon soja. Shi burinsa ya samu mayaƙan hamada don yaƙe-yaƙensa, kuma lalle an tura wasu daga cikin ishumar fagen daga a Labanan da Cadi. Su kuma samarin nasu lissafin dabam ne: su koyi sarrafa makami don ranar komawa gida. Ibrahim da abokansa suka amsa kiran, suka yi horo na watanni. A tsakiyar shekarun 1980 suka sake shiga wani sansani kusa da Tarabulus, wannan karon ƙarƙashin shugabannin ƙungiyar tawayen da ake shiryawa a ɓoye. A nan ne suka haɗu da wasu makaɗan, cikinsu har da Keddou Ag Ossade, da Mohammed Ag Itlale wanda ake wa laƙabi da Japonais, mawaƙi mai zurfin azanci, da kuma Abdallah Ag Alhousseyni, wanda daga baya ya zama ginshiƙi na biyu a ƙungiyar bayan Ibrahim.

Shugabannin tawaye sun gane amfanin waƙa, suka samar musu da kayan kiɗa da wurin gwaji. Al'ummar da ake son a faɗakar a warwatse take a ƙasashe biyar, yawancinta ba ta karatun boko, ba ta da jarida ko gidan rediyo da ke magana da harshenta. Kaset ya cike wannan giɓi. Duk wanda ya kawo kaset marar komai, sai a zauna a kaɗa masa a ɗauka, ba a karɓar ko sisi. Shi kuma ya tafi da shi, wani ya kwafa daga nasa, direbobi da fatake da 'yan fasa-ƙwauri su tsallaka da shi iyaka. Sautin yakan dusashe saboda yawan kwafa, amma saƙon yana isa: a farka, a haɗa kai, a tuna da waɗanda aka kashe, a nemi ilimi, kada a manta da iyaye mata da yara da aka baro a daji. Hukumomi a Mali da Nijar suka ɗauki waɗannan kaset-kaset a matsayin kayan tawaye, kuma wanda aka kama da su yakan shiga uku. Mutane da yawa sun haddace waƙoƙin shekaru kafin su ga fuskar masu su.

Tawayen 1990 da ajiye makami

A 1989 'yan ƙungiyar suka baro Libiya, Ibrahim ya taka Tessalit bayan shekara 26 rabonsa da ita. A watan Mayu na 1990 rikici ya ɓarke a Tchintabaraden ta Nijar, inda sojoji suka kashe Abzinawa da dama. A ƙarshen Yuni mayaƙa ƙarƙashin Iyad Ag Ghali suka kai hari Menaka a Mali, tawaye na biyu ya fara. Wasu daga cikin makaɗan sun shiga yaƙin da kansu. Daga wannan lokaci ne aka samo labarin da 'yan jaridar Turai suka yi ta yayatawa, na mayaƙi mai bindiga a hannu da jita a baya.

Zamansu a fagen daga bai yi tsawo ba. A Janairun 1991 aka sa hannu kan yarjejeniyar Tamanrasset, a Afrilun 1992 aka ƙulla wata babbar yarjejeniya ta ƙasa, a Maris na 1996 kuma aka ƙona dubban bindigogi a bainar jama'a a Tumbuktu. Nijar ta yi nata sulhun ranar 24 ga Afrilu 1995. Tsakanin waɗannan shekaru ƙungiyoyin tawaye sun dare gida-gida bisa layin dangi, abin da ya sanyaya gwiwar makaɗan da suka yi shekara goma suna waƙar haɗin kai. Suka ajiye bindiga suka rungumi kiɗa. A 1991 wasunsu suka je Abidjan suka yi ɗauka ta farko a situdiyo na zamani, aikin da aka sake fitarwa a 2022. Inteyeden, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin abokin Ibrahim wajen ƙirƙiro salon, ya rasu a 1994. Sauran shekarun suka wuce cikin kiɗan biki da taruka a Kidal da Bamako da sansanonin 'yan gudun hijira.

Fita duniya

A 1998 wata ƙungiyar makaɗa ta Faransa mai suna Lo'Jo ta haɗu da wasu 'yan Tinariwen a Bamako, a shekara ta gaba kuma ta gayyace su wasa a Faransa. Daga wannan zumunci aka haifi Bikin Hamada, wanda aka fara a Janairun 2001 a Tin-Essako cikin yankin Kidal, daga baya ya koma Essakane a yammacin Tumbuktu, ya riƙa jawo makaɗa da 'yan kallo daga ƙasashe da yawa. A daidai wannan lokaci wani makaɗin jita ɗan Ingila, Justin Adams, da injiniyan sauti Jean-Paul Romann suka ɗauki waƙoƙin ƙungiyar a gidan rediyon Tisdas na Kidal, inda wutar lantarki ke samuwa na 'yan awoyi kaɗan da dare. Kundin da ya fito a 2001, The Radio Tisdas Sessions, shi ne nasu na farko da aka sayar a wajen Afirka.

Amassakoul ya biyo baya a 2004, kuma a 2005 suka samu lambar yabo ta BBC ta kiɗan duniya. Aman Iman na 2007 shi ya kai su ga masu sauraren kiɗan rok. A cikinsa akwai tsohuwar waƙar Ibrahim kan tawayen 1963, da wata kan Mano Dayak, jagoran Abzinawan Nijar da ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disambar 1995, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa. A 2006 sun hau dandamali da Carlos Santana a Montreux, a 2007 suka buɗe wa Rolling Stones wasa a ƙasar Ailan, a Yunin 2010 kuma suna cikin waɗanda suka yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Soweto. Imidiwan na 2009 a Tessalit aka ɗauke shi. Tassili na 2011 kuwa a cikin tanti aka yi shi, tsakanin duwatsun da ke kusa da Djanet, aka koma ga jitar katako irin ta farkon zamani, tare da baƙin makaɗa daga Amurka. Wannan kundi ne ya ci lambar Grammy a Fabrairun 2012.

A waɗannan shekaru ƙungiyar ta karɓi sabon jini: Eyadou Ag Leche mai jita mai kaurin murya, Said Ag Ayad mai ganga da ƙwarya, Elaga Ag Hamid da Abdallah Ag Lamida masu jita. Su yara ne lokacin da ake yaƙin 1990, kuma da kaset-kaset na Tinariwen suka tashi. Tun asali ƙungiyar ba ta da ƙayyadadden adadi. Wani ya yi tafiyar wasa ta wata shida, wani ya zauna gida wajen iyali da dabbobi, kuma Ibrahim kansa ya sha barin tafiya ya koma daji.

Yadda kiɗan yake

Waƙar Tinariwen takan fara da jita guda tana lalubo karin, sannan sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya. Jita biyu ko uku ko fiye suna tafiya tare, kowace da ɗan gajeren zagayen da take maimaitawa, suna saƙa da juna. Jagora yana kaɗawa da yatsu, babban yatsa yana riƙe da tsirkiyar ƙasa tana amo guda ba canji, manuniya kuma tana fitar da kari da 'yan kwalliya a sama, hanyar da ta yi kusa da yadda ake kaɗa tehardent. Karin yawanci a kan matakan sauti biyar yake tafiya, kuma waƙa takan zauna a kan ginshiƙin amo ɗaya daga farko har ƙarshe. Ba a neman hawa da sauka mai yawa. Ƙarfin kiɗan yana cikin maimaici da yadda yake ƙara kauri sannu a hankali.

Bugun daga tende aka ɗauko shi, ana fitar da shi da tafi da ƙwarya da ganga, kuma masu sauraro da yawa kan ji takun raƙumi a cikinsa. Tsarin murya ma na dandalin tende ne: mai bayarwa ya yi baiti da murya ƙasa-ƙasa, kusan kamar magana, 'yan amshi su karɓa, mata su sa guɗa. Mata irin su Mina Walet Oumar da Wonou Walet Sidati sun yi amshi a kundaye da tafiye-tafiyen ƙungiyar, kuma a wasan da aka ɗauka a Paris a 2014 sun gayyato Lalla Badi, gwanar tende ta Tamanrasset, wadda ta kasance uwa ga ishumar tun farkon zamaninsu.

Ta fuskar jigo, waƙoƙin farko sun fi karkata ga kira da zaburarwa. Bayan sulhu suka koma ga kewa, da zargin rarrabuwar kai, da ƙishirwa, da abota, da halin da mata da tsofaffi ke ciki. Hamada tana fitowa ta fuska biyu, gida ce abin so, kuma wurin wahala ce. Assouf, sunan da suke bai wa kiɗan, ya ƙunshi kewar gida da kaɗaici da duhun da ke bayan hasken wutar zango. Salon maganar ya bi na tsofaffin waƙoƙin Tamashek wajen habaici da zaurance, abin da ya taimaka a zamanin da faɗar magana a fili ke jawo ɗauri.

Dangantaka da buluz na Amurka

Buluz ya tsiro ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 a tsakanin jikokin bayi a kudancin Amurka, musamman a gonakin auduga na jihar Misisipi, daga baya ya bi masu ƙaura zuwa Chicago ya koma kan jitar lantarki. Mafi yawansa yana tafiya ne a zagaye mai gaɓa 12 bisa ginshiƙan amo uku, amma akwai reshensa, irin na John Lee Hooker da makaɗan tuddan arewacin Misisipi, da ke zama a kan amo guda yana maimaitawa. Da wannan reshe ne kiɗan Tinariwen ya fi kama.

'Yan ƙungiyar sun ce ba su san buluz na asali ba sai da suka fara fita ƙasashen waje, ko da yake sun ji jikokinsa a kaset-kaset na rok. Masana sun daɗe suna bin sawun wannan kama. Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da buluz, ya nuna cewa siffofi da dama na buluz, kamar waƙar mutum ɗaya da kayan tsirkiya, da lanƙwasa murya, da matakan sauti biyar, sun fi yawa a yankin da ya tashi daga Mali ya ratsa arewacin Gana da arewacin Najeriya zuwa Kamaru, kuma cikin misalansa har da kiɗan goge na Hausa. Kafin Tinariwen, Ali Farka Touré na Niafunké ne ya fara sa duniya ta lura da wannan zumunci, musamman da kundin Talking Timbuktu da ya yi da Ry Cooder a 1994. Laƙabin buluz na hamada ya sauƙaƙa wa kamfanoni sayar da kiɗan, ko da yake yakan rufe gaskiyar cewa jijiyarsa tana cikin tende da tehardent. Inda kiɗan biyu suka haɗu ba tantama shi ne a halin da ya haife su: mutanen da aka raba da ƙasarsu, suna aikin ƙarfi a ƙasar wasu.

Rikicin 2012 da sabon gudun hijira

Lambar Grammy ta zo ne ana tsakiyar wani yaƙin. A Janairun 2012 ƙungiyar MNLA ta Abzinawa ta fara sabon tawaye a arewacin Mali, a Maris sojoji suka yi juyin mulki a Bamako, ranar 6 ga Afrilu kuma MNLA ta ayyana arewacin Mali a matsayin ƙasa mai suna Azawad. Ba a jima ba ƙungiyoyi masu iƙirarin jihadi suka ƙwace manyan garuruwan arewa, cikinsu har da Ansar Dine ta Iyad Ag Ghali, wanda a da yake tare da makaɗan a Libiya. Suka haramta kiɗa, suka ƙona kayan kiɗa. A Janairun 2013 aka kama Abdallah Ag Lamida yana ƙoƙarin tserar da jitocinsa, aka sake shi bayan 'yan makonni. Bikin Hamada bai sake zama a Mali ba tun na Janairun 2012.

Daga nan ƙungiyar ta koma ɗaukar waƙoƙinta a wasu hamadun. Emmaar na 2014 a Joshua Tree ta jihar Kalifoniya aka yi shi. Elwan na 2017 an raba aikinsa tsakanin can da M'Hamid a kudancin Maroko. Amadjar na 2019 an ɗauke shi a tanti kusa da Nouakchott tare da mawaƙiyar Muritaniya Noura Mint Seymali. Amatssou na 2023 kuma a Djanet aka yi shi, da hannun Daniel Lanois da wasu makaɗan karkara na Amurka. Japonais ya rasu a 2021. Yarjejeniyar sulhu ta Aljiyas ta 2015 ba ta ɗore ba: sojojin Mali sun sake kama Kidal a Nuwambar 2023, gwamnati ta soke yarjejeniyar a Janairun 2024, jama'a da yawa na yankin suka sake tsallaka iyaka.

Magada a Mali da Aljeriya da Nijar

Salon da Tinariwen ta kafa ya yi rassa. Keddou da Diarra sun ci gaba da kiɗa a ƙungiyar Terakaft. A Kidal aka samu Tamikrest a 2006 ƙarƙashin Ousmane Ag Mossa, a Tamanrasset kuma Imarhan. A Nijar, wanda ya share fage shi ne Abdallah Ag Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal, wanda shi ma ya bi hanyar Aljeriya da Libiya, kaset-kaset ɗinsa suka zama muryar tawayen shekarun 1990. Ya rasu a 2020.

Agadas ta zama babbar cibiyar wannan kiɗa, kuma a can ya ƙara sauri da zafi, aka shigar da gangunan Turawa, domin a dandalin biki ake yin sa don rawa. Etran de l'Aïr sun shafe shekaru suna kiɗan aure a unguwannin garin kafin a san su a waje. Etran Finatawa, da aka kafa a 2004, ta haɗa Abzinawa da Fulani Wodaabe. Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso lokacin sabon tawayen da ya ɓarke a Nijar a 2007, ya dawo ya yi babban wasa a gindin masallacin Agadas a 2010, kundinsa Deran na 2018 kuma ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar Grammy. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta katin memori, kamar yadda na magabatansa suka bazu ta kaset, har suka kai ga kamfanin Sahel Sounds na Amurka. Mata ma sun ɗauki jita: Fatou Seidi Ghali da ƙungiyar Les Filles de Illighadad, daga wani ƙauye a yankin Abalak, suna haɗa ta da tende a wasa guda. A yau da wuya a yi bikin aure ko na suna na Abzinawa a Agadas, Arlit, Yamai, Tamanrasset ko Ubari ba tare da 'yan jita ba, kuma tsofaffin waƙoƙin Ibrahim da Inteyeden da Japonais suna cikin abin da kowane sabon makaɗi ke fara koya.